Rawar da Asabe Ba Ta Taɓa Gani Ba

Duk mai cin kasuwar Baleyara ran Lahadi ya san rumfar Talle, ko da bai san sunansa ba. Tana bayan masu sayar da igiyar dabbobi, kwanon rufi biyu ne a kan itace huɗu, da teburi, da wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba. Aikinsa zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai da wa'azi cikin waya. Ba ya hayaniya, ba ya yawan dariya. In ka gan shi sai ka ce duk iliminsa bai wuce sanin ramin da ake soka waya ba. Alhali mutumin nan ya yi shekara uku a Yamai yana koyon yadda ake gina mutum a cikin kwamfuta, a sa masa ƙashi, a sa shi ya yi tafiya. Kuma ya iya. Iyawar ce ma ta zaunar da shi a rumfar nan.

A Gidan Na'Allah aka haife shi, wani ɗan ƙauye can bayan Tabla, cikin ƙasar Kurfai. Uwarsa ba ta ga ranar suna ba, shi ya sa aka ce masa Talle. Uban ya tafi ci-rani kudu, ya yi aike sau biyu, daga nan shiru. Kakarsa ta wajen uwa, Asabe, ita ta goya shi da nonon akuya da bakinta mai kaifi. Tun bai iya tsayuwa ba take ce masa maigida, shi kuma da ya yi baki ya riƙa ce mata amarya. Ta ce ba ta taɓa ganin miji marar amfani irinsa ba, ko gishiri ba ya kawowa. Ya ce shi ma haƙuri yake yi da amarya marar haƙora.

A sauran kwanakin shekara Asabe tsohuwa ce kamar kowace, mai kiwon awaki da kaɗin auduga. Amma sau ɗaya a shekara, in an gama zuba gero a rumbu, ita ce goɗiyar Doguwa, wato ita ce wadda iskar garin ke hawa. Da la'asar ake taruwa gindin tsamiya. Ɗangoma makaɗi ya ja goge, mata su kaɗa ƙwarya, Asabe ta tsaya tsakar fili kanta a sunkuye. Can sai jikinta ya ɗauki rawa, ta miƙe har ka rantse an ƙara mata tsawo. Ta ja ƙafar hagu taki uku, ta juya wuf, ta zube ƙasa, ta tashi ba tare da ta dafa hannu ba. Daga nan ba Asabe ba ce. Dattawa su matso su durƙusa su tambayi damina mai zuwa: ruwa zai yi wuri ko zai makara, a yi shuka da na fari ko a jira, me za a yanka. Wata murya da ba tata ba ta amsa musu. In an gama ta yi atishawa uku, ta buɗe ido, ta nemi ruwa, ta tambayi na kusa da ita, "Ta zo?"

Da gaske take tambaya. Ba ta sanin komai daga lokacin da goge ya kama ta har atishawar. Kuma ƙa'idar gidan ita ce ba a sanar da ita. Saƙon da Doguwa ta bari za a maimaita mata, amma yadda jikinta ya yi, ba mai faɗa, ba mai gwadawa. Talle ya koyi wannan da kumatunsa. Yana ɗan shekara bakwai ya tsaya tsakar gida ya ja ƙafar hagu taki uku, zai juya ke nan ƙanwar uwarsa Habsa, wadda ke riƙe wa Asabe zane a wurin wasa, ta ɗauke shi da mari. Allah ya sa tsohuwar ta ba da baya tana tankaɗe.

"Ba a gwada mata," in ji Habsa, tana murɗe masa kunne. "Ba a hwaɗa mata. Ka jiya?"

"Don mi?"

"Haka munka ishe. In ka koma, sai na karya ƙahwag ga."

Bai koma ba. Amma ido ba a hana shi kallo, kuma yaron Allah ya yi shi da ido. In yara sun je bakin tabki gina shanun laka, na kowa a tsaye suke ƙiƙam, nasa kuwa sai ka ga ɗaya ya ɗaga ƙafa, wani ya karkata wuya yana korar ƙuda. Da aka sa shi lekkol, wato makarantar boko, bayan littattafansa duk zane ne. Ya yi lise, wato sakandare, a Filinge, ya faɗi bak, jarrabawar fita, sau ɗaya, ya ci a na biyu. A nan ne ya fara ganin 'yan mutanen nan na kwamfuta masu gudu da tsalle a wayar wani abokinsa, aka kuma gaya masa ba aljanu ke yin su ba, mutane ne, kuma akwai wata makaranta mai zaman kanta a Yamai da ke koyar da shi. Daga ranar barci ya ƙaurace masa. Asabe ba ta gane ko kalma ɗaya cikin bayaninsa ba. Ta dai dube shi, ta sa aka kora bijiminta guda ɗaya tak zuwa Baleyara.

"Tahi," ta ce. "Amma in ka ishe wata can ka manta da ni, ban yahe ba."

Makarantar bene ce hawa ɗaya, ɗalibai ashirin da biyu, kwamfuta tara, biyu a ciki ba sa tashi sai an lallashe su. Malaminsu Mushe Hamani, wani siririn Bazabarme mai tabarau, ranar farko ya buɗe musu allo, ga wani akwati mai launin toka yana shawagi a fili.

"Wannan shi ne lakarku," ya ce. "Duk abin da za ku gina, daga nan zai fito."

Talle ya ji kamar an mai da shi bakin tabki. Ka kama kusurwar akwatin ka ja, ka tsaga gefe, ka tura ciki, ka murza, sai ga tulu, sai ga kujera, sai ga kai da kunnuwa. Bambancin kawai, wannan lakar ba ta bushewa, kuma kana iya zagaya ta ka duba ta sama da ƙasa. Wata uku yana fama da linzamin kwamfutar kamar mai koyon tuƙin jaki, yara 'yan birni suna yi masa dariya. A wata na huɗu suka daina.

Shekara ta biyu aka shiga ƙashi. In ka gina mutum, tsaye yake hannuwa a baje kamar abin korar tsuntsu a gona. Sai ka zura masa ƙasusuwa a ciki, ka nuna wa na'ura ga gwiwa, ga gwiwar hannu, ga inda wuya ke lanƙwasa. In ka yi kuskure, ka ɗaga hannu sai ciki ya biyo shi. Bayan ƙashi sai motsi. Hoto ashirin da huɗu ne ke wucewa a daƙiƙa guda. Kai za ka tsayar da mutumin yadda kake so a hoto na ɗaya, ka sake tsayar da shi a na goma sha biyu, na'ura ta cika tsakani. Mako shida suka yi a kan ƙwallo ɗaya mai faɗowa tana tashi. Mushe Hamani ya bi bayansu yana tsaki.

"Na'ura ta iya cika tsakani, amma ba ta san nauyi ba," yake cewa. "Ba ta taɓa ɗaukar tulu ba. Ku kuka sani. Ƙwallonka ba ta faɗo ba, Talle, sauko da ita aka yi."

Ga kuma wuta. Ka kwana biyu kana jiran na'ura ta gasa maka aikin daƙiƙa biyar, saura kaɗan a ɗauke wuta, komai ya tafi. Talle ya koyi zagi da Zabarmanci a ɗakin nan.

A shekara ta uku aka ce kowa ya yi aikin fita: daƙiƙa arba'in na wani motsi da ya sani tun daga gida. Wasu suka ɗauki kokawa, wata ta ɗauki daka. Talle bai yi dogon tunani ba, don hutun da ya wuce ya ga abin da ya tsorata shi. Wasan da a da ake cika gindin tsamiya har kan reshe, bana mutum bai fi talatin ba. Na ƙauyukan kewaye sun daina zuwa saboda hanya ba lafiya. 'Yan matan da ya kamata a ce ɗaya cikinsu ta gaji Asabe duk sun ce su ba ruwansu, haramun ne. Hannun Ɗangoma ya fara karkarwa. Asabe kanta ta haura saba'in. Dattawa kuma sun hana ɗaga waya a wurin, ba a ɗaukar Doguwa hoto. Ya lissafa ya ga nan da 'yan shekaru rawar nan ba za ta rage ko'ina ba sai cikin kansa, kuma kai ba wurin ajiya ba ne. Tausayi ne ya sa shi, da ƙauna. Wannan ya kamata a faɗa, domin daga baya ba wanda ya tuna.

Ya gina mace doguwa mai launin toka. Bai yi mata fuska ba, bai sa mata zane irin na kakarsa ba, yana ganin da haka ya kiyaye ƙa'ida. Ya riƙa kulle ɗakinsa da rana tsaka yana jan ƙafa, yana juyawa, yana zubewa a siminti har gwiwoyinsa suka yi baƙi, sannan ya ruga makaranta ya sa abin da jikinsa ya gaya masa. Wata biyar ana haka. Mushe Hamani ya duba ya girgiza kai.

"Taki ukun sun yi. Juyin nan ƙarya ne. Iska ke juya ta, ba ƙasa take takawa ba. Ina nauyinta yake?"

Talle ya kwana uku yana neman nauyin. A rana ta huɗu, yana wanke kwano, abin ya faɗo masa. Ya tuna ƙurar da ke tashi ta gefe guda. Asabe ba a kan tafin ƙafa take juyawa ba. Ƙafar hagun ce ke kifewa a kan gefenta na waje, idon sawu ya lanƙwashe kamar zai karye, jikin duka ya hau kansa ya juya. Ya je ya kifar da ƙashin ƙafar a hoto shida kacal. Da ya kunna, sai ga juyin Asabe sak. Mushe Hamani ya kalla sau uku, sannan ya cire tabarau ya goge.

"Shekara tara ina koyarwa," ya ce, "yau na ga mai nauyi. Wa ke wannan rawa?"

"Kakata."

"Ka kai mata ta gani. Mai abu shi ke cewa an yi daidai."

Shawara ce ta malamin kirki wanda bai san Kurfai ba. Talle kuwa ya sani. Duk da haka ya zuba aikin a wayarsa.

Ya iso gida ana ɗaurin dammunan gero, saura kwana tara wasa. Washegari da hantsi suna zaune inuwar rumbu shi da Asabe, Habsa ta tafi rijiya. Tsohuwar ta kurɓi fura ta harare shi.

"To maigida, shekara ukku. Gwada mini abin da yac ci bijimina."

Ya nuna mata ƙwallo. Ta ce yanzu don wannan aka kai shi Yamai? Ya nuna mata wani ƙato mai tafiya yana rangaji, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wallahi tafiyar maigari ce in ya ci bashin barci. Ya nuna tulu, ya nuna rago. Ta ce, "Shi ke nan? Wasan ɗiya na kab biɗo muna?" Da wasa ta faɗa, irin wanda suka saba tun yana goye. Amma maganar ta sosa shi. Yana da abu ɗaya a duniya da ya san ya yi shi da kyau, kuma ga mutum ɗaya da yake so ta yaba. Ya ce a ransa ai ba fuska, ai ba gwadawa ba ne, ai ba shi ke yi ba, na'ura ce. Ya danna.

Macen toka ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki rawa, ta miƙe. Ta ja ƙafar hagu taki uku.

Dariyar Asabe ta tsaya. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kawo ta daf da ido. Macen ta juya, ta zube, ta tashi ba dafa hannu. Daƙiƙa arba'in suka ƙare, allo ya tsaya.

"Koma," ta ce.

Ya sake kunnawa. Da aka zo juyin, sai ta saki wayar da hannu ɗaya, ta kai shi kan idon sawunta na hagu, ta riƙe.

"Shekara arba'in da wani abu," ta ce a hankali, "duk wanshekaren wasa ƙahwag ga na kumbura, ban san dalili ba. Ashe haka taka yi da ni."

Ba wanda ya gaya mata ko wace ce. Sau bakwai ta sa ya maimaita. A na bakwai Habsa ta shigo da tulu a ka, ta hango allon ta kan kafaɗar uwarta. Ba ta yi ihu ba, ba ta mare shi ba, ya girma da mari. Ta sauke tulun, ta dube shi kawai, ta shige ɗaki. Da ma marin ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Kwana takwas ba wanda ya tada maganar. Sai dai Talle ya lura kakarsa in tana tafiya wurin awaki takan tsaya ta dubi ƙafarta.

Ranar wasa da la'asar aka taru, mutum ashirin da 'yan kai. Ɗangoma ya ja goge, ƙwarya ta amsa. Asabe ta tsaya tsakar fili, kai a sunkuye. A da ba a gama kiɗa na biyu take tafiya. Yau aka yi na uku, aka yi na huɗu, gumi ya jiƙa rigar Ɗangoma, inuwar tsamiya ta kai bakin gona. Mutane suka fara kallon juna. Sai ga jikinta ya ɗauki rawa. Ta miƙe, ta ja ƙafar hagu taki uku, ta juya a gefen ƙafa, ta zube, ta tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Talle ya ji wani sanyi ya sauko masa, ya ce Alhamdu lillahi, ba abin da ya lalace.

Amma shi ya san aikinsa fiye da kowa. Kafin guɗar ta mutu ya gane abin da ya gani. A tsakanin taki na biyu da na uku akwai wani ɗan jinkiri da shi ya ƙara da hannunsa, don Mushe Hamani ya ce ido na bukatar hutu a nan. Asabe ba ta taɓa yin jinkirin nan ba. Yau ta yi shi. Ya waiga wajen Ɗangoma, ya ga tsohon ya sassauta hannu, yana kallon ƙasa.

Dattawa uku suka matso suka durƙusa. Babbansu ya yi gaisuwa irin wadda ake yi wa Doguwa, ya ce, "Uwar gari, mun zaka tambaya. Damana mai zakuwa, mu shibka da ruwan hwari ko mu jira?"

Asabe ta tsaya a kansu, ƙirjinta na hawa da sauka. Da ta so, da ta kumbura murya ta ce musu su jira, ko su shuka, ba mai kama ta.  Amma sai ta yi magana da muryar da take kiran awakinta da ita.

"Ku tashi. Ni ta, Asabe. Ba kowa bisa gare ni."

Ba atishawa, ba neman ruwa. Ta karɓi zanenta a hannun Habsa ta yafa da kanta, ta nufi gida tana ɗingishi. Talle ya bi ta a baya kamar wanda aka zare wa laka. A bakin ƙofa ta tsaya ba ta juyo ba.

"Ina jin gogen, ina jin ta tahe," ta ce. "Sai in ga 'yat tokag ga gabana, in ce yanzu ƙahwa za ta kihe. Da na tuna, sai Doguwa ta koma. Yau komi niy yi, na san shi."

Aka sake gwadawa washegari, aka yanka baƙar akuya, ba ta zo ba. Aka gwada da kaka ta zagayo, ba ta zo ba. A shekara ta uku Ɗangoma ya rasu, aka rataye gogensa a ɗaki, ba a ƙara taruwa ba. Mutanen Gidan Na'Allah yanzu kowa na shuka ran da ya ga dama. Waɗanda da ma ke cewa haramun ne suka ce Allah ya yi amfani da yaron, har wani ya zo ya yi masa godiya. Wannan godiyar ta fi zagin sauran yi masa ciwo.

Ya koma Yamai ya karɓi takardarsa, shi ne na ɗaya. Ya yi shekara yana yawo da ita ofis-ofis. Inda aka fi mutunta shi, an ce ya yi musu kwalbar lemo mai juyawa don talla. Ya zauna zai yi, ya buɗe akwatin toka, hannunsa ya ƙi. Mushe Hamani ya neme shi sau biyu a waya, daga baya malamin ya bar ƙasar, aka rufe sashensu a makarantar. Talle ya tattaro ya dawo Baleyara, inda ko ba komai mota ɗaya ce tsakaninsa da gida.

Asabe na nan da rai, idonta ya yi rauni, ƙafar kuwa ta daina kumbura. Ba ta taɓa ce masa kai ka ja ba. Sai dai tun ranar ba ta sake ce masa maigida ba, Talle take cewa kamar kowa. In hanya ta yi kyau yakan je ya kai mata goro da sukari. Su gaisa, su yi maganar awaki. In zai tashi, takan nuna aljihunsa, inda wayar mai macen toka take, da haɓa.

"Tana nan?"

"Tana nan, Inna."

"Tana yi har yanzu?"

"Sai in na taɓa."

Sai ta gyaɗa kai, ta juya fuska wajen bango.

"To, kak ka taɓa. Ni dai ban gane Doguwa ba sai da ta tahi."